Me ya kamata a sauya a wasannin bidiyo na buɗaɗɗiyar duniya (waɗanda ake yawo ko'ina a cikinsu yadda aka ga dama)?

Tambaya: Salam malam, daga Sabon Gari nan Zinder. Na gama Skyrim na gama Witcher 3, amma kullum sai aike kamar yaron shago, je ka kashe wancan, kawo min wancan. In kai ne mai ƙera wasa me za ka sauya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko dai a bar gasar faɗin taswira. Daggerfall na 1996 ya fi Skyrim na 2011 faɗi nesa ba kusa ba, amma kwamfuta ce ta zuba yawancin garuruwansa, duk kama ɗaya.

Ni abin da ke damuna shi ne mantuwa. Ka kashe dodon da ya addabi gari, gobe mai gadin ƙofa ya kalle ka kamar bai taɓa jin sunanka ba, haba! Shadow of Mordor a 2014 ya nuna ana iyawa, maƙiyin da ya kashe ka sai a ƙara masa muƙami, ran da kuka sake haɗuwa ya tuna maka har da gori. Sai dai Warner Bros, wadda ta fitar da wasan, ta yi wa dabarar rajistar mallaka, wasu kamfanoni suka ja baya. To a kai wannan tunanin kasuwa mana, misali ayarin gishiri ya taso daga Bilma, 'yan fashi suka tare hanya kai kuma ka ƙi zuwa ceto, sai gishiri ya yi tsada, fatake su sauya hanya, wani ƙauye ya watse, kuma ba mai rubuta maka a allo cewa laifinka ne, a bakin masu sayarwa za ka ji.

Alamomin nan da ke cika taswira ma a rage su. Breath of the Wild da Elden Ring sun bar mutum ya hango abu daga nesa ya bi da kansa.

Sannan dole ne kullum sai ƙanƙara da gidajen sarakunan Turai? Kiro'o Games na Kamaru sun fitar da Aurion a 2016 da labari irin na Afirka. Ganuwar Birni, fadar Damagaram zamanin Tanimun, duwatsun nan namu, ga aljanu ga su Gizo, ai kayan wasa ne zube.

Kuma don Allah wasa ya riƙa ajiye inda ka tsaya da kansa, ya yi aiki ba intanet, saboda kuran, wato wutar lantarki, na iya tafiya kana tsakiyar faɗa.