Ku Tambayi Anti: Hutun Bakin Teku ga Mai Ƙaramin Aljihu

Anti, barka da aiki. Bikina bayan Babbar Sallah ne, ina son in kai amarya Zanzibar kwana biyar. Manyan otal-otal ɗin da ake biya a dunƙule, kwana da ci da sha, sun fi ƙarfina. In na kama ƙaramin masauki muna cin abinci a waje, sauƙi zan samu ko wahala zan sayo? (Ango, Kano)

Allah ya sanya alheri, ango. Sauƙi za ka samu. A cikin kuɗin waɗancan otal ɗin har da na giyar da ake zuba wa Turawa ba ƙidaya, ku kuwa shayi da ruwan kwakwa za ku sha, to don me za ka biya wa wani? Sai dai ka gyara lissafin kwanakin. Daga Kano jirgin Ethiopian sai ya sauke ku a Addis Ababa ku canza wani, saboda haka zuwa da dawowa kowanne zai ci maka kusan yini. Kwana biyar ɗin su zama na can, ban da na hanya.

Masauki biyu sun isa. Ku yi kwana biyu a Stone Town, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ku zaga lungunansa da ƙafa, da magariba ku gangara lambun Forodhani inda ake gasa kifi da nama a fili. Ka tambayi farashi kafin a ɗora maka komai a faranti, kuma ka zaɓi wanda aka gasa a gabanka, ba wanda ya sha iska tun la'asar ba. Sauran kwana ukun a bakin ruwa. Nan ne mutane ke kuskure, su zaɓi wuri saboda hoto. A gabas, wato Paje da Jambiani, ruwa yakan janye can nesa na tsawon sa'o'i, ka fito da shirin wanka ka tarar da mata suna aikin gonar ciyawar teku a inda jiya ka ga ruwa. Wurin ya fi natsuwa, ƙananan masaukai kuma sun fi yawa. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya gudu haka, amma akwai tsada da kiɗa da hayaniya. Ni dai da amarya gare ni, Jambiani zan kai ta.

Abin da zai ci kuɗinka a ɓoye shi ne tasi, don daga gari zuwa ko wane ɓangare tafiyar awa guda ce ko fiye. Akwai motocin haya da suke kira dala-dala, suna tashi daga wajen kasuwar Darajani da araha, amma amarya da akwatuna biyu ba za ta yafe maka ba. Ka sa masaukinku ya shirya mota, a tsayar da farashi a rubuce. Damina mai ƙarfi a can daga Maris ne zuwa Mayu, in tafiyar ta faɗa Yuni ka dace.

Mako mai zuwa zan tashi zuwa Zanzibar. A filin jirgi ake buga biza, ko? (Alhaji, Kaduna)

A'a, Alhaji, kuma ina fata ba ka yanki tikiti ba. Tanzaniya, ƙasar da tsibirin Zanzibar yake cikinta, ta sa masu fasfon Najeriya da Nijar da Chadi cikin waɗanda sai sun nemi biza tun daga gida, hukumar shige da fice ta can ta amince, abin kuma yakan ɗauki makonni. Ka haɗa da katin rigakafin cutar shawara. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma kowane baƙo sai ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar, dala 44 ga babba, ko da yana da wata. Ka ɗage tafiyar.

Anti, maigida ya ce mu je, amma gabana faɗuwa yake. Ina sa hijabi, ban iya iyo ba, kuma ina tsoron abincin da za a ba mu. Kada in je in zama abin kallo. (Uwargida, Zariya)

Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne. Kiran sallah zai tashe ki da asuba, matan garin kuma da lulluɓinsu suke yawo, wanda ya fito tsirara-tsirara cikin gari shi ne abin kallo. Abincin gidajen 'yan ƙasa na Musulmi ne, shinkafa da kifi da miyar kwakwa, ga biryani da pilau. A wuraren da Turawa suka fi cika ne za ki riƙa tambaya. Rashin iya iyo kuwa ba aibi ba ne. Ki shiga iya gwiwa, ki sa takalmin roba saboda wasu halittu masu ƙaya da ke kwance a ƙasan ruwa, in za a hau kwalekwale kada ki taka sai an ba ki rigar ceto kin ɗaura. Wanda ya ce "ai kusa ne", ki bar shi ya tafi shi kaɗai.

Na ga wani ejan a Instagram, jirgi da biza da masauki duka a kan kusan rabin abin da wasu ke faɗa. Ya ce gurbi biyu ya rage, in tura rabin kuɗin yau. In tura? (Ɗan kasuwa, Katsina)

Kada ka tura ko sisi. Kai da in za ka sayi shadda a Kantin Kwari sai ka murza ta ka ɗaga ta a rana, yau kai ne za ka zuba miliyoyi a asusun mutumin da ko muryarsa ba ka taɓa ji ba? Kuɗin tikiti ba ejan ke yanka shi ba, kamfanin jirgi ne. Wanda ya ce zai kai ka da rabin kuɗi, ko dai akwai abin da ya cire bai faɗa maka ba, ko kuma ba shi da niyyar kai ka ko'ina. "Gurbi biyu ya rage" ɗin nan kuwa, in ka dawo bayan wata guda ma biyun za ka tarar.

Ga yadda suke yi. Ya kama maka kujera ba tare da ya biya ba, ya turo takarda mai tambarin kamfanin jirgi da sunanka, ka ga abu tsaf ka saki sauran kuɗi. Bayan 'yan kwanaki kamfanin ya soke kujerar don ba a biya ba, kai ba ka sani ba sai ka isa filin jirgi da rakiyar 'yan uwa. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, na Ethiopian da 071 yake farawa. Ka shiga shafin kamfanin da kanka, ka sa lambar rajistar kujerar da ke kan takardar da sunan mahaifinka yadda yake a fasfo, ka ga an rubuta an fitar da tikiti. Masauki ma haka: ka nemo lambarsu daga wani wuri daban, ba wadda ejan ya ba ka ba, ka tambaya ko sunanka na cikin littafinsu kuma an biya. Hotunan ɗaki ba hujja ba ne, kowa na iya kwaso su. Ka duba abin da baƙin watannin nan suka rubuta, musamman kan ruwa da wuta da sauro.

Ba na cewa duk ejan macuci ne. Na ƙwarai yana da ofis da za ka je ka zauna, da asusu da sunan kamfani, da rasit, kuma ba ya fushi in ka yi tambaya. Amma abin da ke ba ni haushi, mutanenmu sun fi jin kunyar a ce sun cika bincike a kan a damfare su. A can ma ba ka tsira ba: masu bin baƙi a bakin ruwa suna tallan yawon kwalekwale za su nemi kafin alƙalami tun yau don tafiyar gobe. Ka biya da safe, a gaban kwalekwalen.

Kuɗina ba su kai Zanzibar ba, amma ina son in ga teku. (Malama, Gusau)

Ghana, Malama. Da fasfon Najeriya ba ruwanki da biza. Akwai Kokrobite kusa da Accra, da Ada Foah inda kogin Volta ke shiga teku, da Busua can wajen Takoradi. In kewar gida ta kama ki, ki shiga unguwar Nima ki sha koko da ƙosai, ki yi cinikinki da Hausa. Amma igiyar ruwan wannan gaɓar tana da ja sosai, ki tambayi masu wurin inda ake shiga, yara kuma kada su bar hannunki.

Wace tsaraba zan sayo? An ce za'afaran na da araha a Zanzibar. (Hajiya, Sakkwato)

Arahar ce ya kamata ta ba ki tsoro, Hajiya. Za'afaran na gaskiya tsada gare shi a ko'ina, abin da ake ƙullawa a ba baƙi sau da yawa kurkum ne ko furen da aka rina. Ki sayi abin da ƙasar ke nomawa, kanumfari da kirfa da masoro, a Darajani inda matan gari ke cefane, ki buɗe ki shinshina kafin ki biya. Ki tafi da jakar yadi, don Tanzaniya ta hana ledar zuba kaya tun 2019.