Hukuncin Fita Yawo da Abokai a Dogon Hutun Bazara

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne ɗan shekara 19. Tun da aka ba mu dogon hutu na lokacin zafi, kusan kullum da yamma ni da abokaina muna fita cikin gari. Yau wurin shaƙatawa, gobe filin ƙwallo ko wurin ninƙaya, wani lokaci kuma zagaye kawai muke yi, mu samu wuri mu zauna mu yi hira. Ba ma shan komai mai sa maye. Sai dai ba zan ɓoye ba, sau da yawa magariba tana riskar mu a hanya, sai mu bari sai mun koma mu haɗa ta da isha'i, kuma ba ma shiga gida sai bayan sha biyun dare. Kwanan nan ɗaya daga cikinmu ya fara gayyato 'yan matan ajinmu. Mahaifina ya ce in rage, yayana kuma ya ce yawon gaba ɗaya haramun ne. Shin haka ne? Kuma in na fita ba da son ran mahaifina ba, ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi abin yadda yake. Zan fara da maganar yayanka, don ita ce ta fi sauƙin warwarewa: bai yi daidai ba. Fita shan iska da abokai halal ce a kan kanta. Asalin al'amuran rayuwa, irin su tafiya da zama da wasa, shi ne halacci har sai dalili ya zo da hani, kuma wanda ya ce "haramun" shi ne zai kawo hujja. Allah Maɗaukaki ya ce: "Ka ce, wane ne ya haramta ƙawar Allah wadda ya fitar wa bayinsa, da daɗaɗan abubuwa na arziki?" (A'araf: 32). Haramta abin da Allah ya halatta ba tsantseni ba ne, shi ma faɗar abu ne a kan Allah ba da sani ba.

Sunna ma ta nuna haka. Anas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan shiga Bairuha, gonar Abu Ɗalha da ke fuskantar masallacinsa, ya sha ruwanta mai daɗi. Abu Musa ya same shi zaune a bakin rijiyar Aris ya zura ƙafafuwansa ciki, Abubakar da Umar suka zo suka zauna gefensa suka yi yadda ya yi. Ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Jabir ɗan Samura ya ce sahabbai sukan zauna suna tuna abubuwan da suka yi a jahiliyya suna dariya, shi kuma yana murmushi. Da Hanzala ya zo yana tuhumar kansa da munafunci, saboda in ya bar majalisin Annabi ya koma cikin iyali da dukiya sai ya manta da yawa daga abin da ya ji, amsar da ya samu ita ce: "Ya Hanzala, sa'a da sa'a." Muslim ne ya ruwaito. Wasu suna jan wannan hadisi inda bai je ba, kamar an ce sa'a ɗaya ta Allah, ɗaya ta shaiɗan. A'a, sa'a ta biyun ta halal ce, ta iyali da sana'a da hutawa.

To amma ba a tsaya nan ba. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan hijira, ya yi wani bayani a cikin littafinsa Muwafaƙat da ya dace da tambayarka ƙwarai, har misalin da ya kawo shi ne yawon shaƙatawa cikin lambuna. Ya nuna cewa irin wannan halal ne idan aka yi shi wata rana ko a wani hali, amma idan ya zama shi ne aikin mutum kullum sai ya koma makaruhi. Wato abu ɗaya yana da hukunci in ka dube shi sau ɗaya, yana da wani hukuncin in ka dube shi a matsayin al'adar rayuwa. Kai ka ce "kusan kullum". Hutun makonni da yawa, ga lafiya ga ƙuruciya, a ce babu karatu, babu koyon sana'a, babu taimakon gida, sai jiran yamma ta yi, wannan ita ce hasarar da aka ambata a cikin hadisin Ibn Abbas da Bukhari ya ruwaito: "Ni'imomi biyu ne mutane da yawa suke yin hasara a cikinsu: lafiya da samun sarari." Ban ce ka yi zunubi da wannan kaɗai ba. Na ce ka sauko daga halal zalla zuwa abin da barinsa ya fi.

Inda zunubi yake ƙarara shi ne magariba, kuma a nan zan daɗe, don na lura ka ambace ta kamar ƙaramin abu. Allah ya ce: "Lallai salla ta kasance a kan muminai farilla mai ƙayyadaddun lokuta" (Nisa'i: 103). Haɗa salloli biyu rangwame ne da shari'a ta yi saboda dalilai sanannu, kamar tafiya da ruwan sama da rashin lafiya. Wanda yake zagaye cikin garinsu ba matafiyi ba ne, ko da ya wuni a kan abin hawa. Tafiyar da ake yi wa ƙasaru a wurin mafi yawan malamai buridi huɗu ce, kimanin kilomita 80. Na san akwai hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya haɗa salloli a Madina ba don tsoro ko ruwan sama ba, da aka tambayi Ibn Abbas dalili ya ce don kada Annabi ya ƙuntata wa al'ummarsa. Mafi yawan malamai sun yi masa tawili. Waɗanda ma suka ɗauke shi a zahirinsa, irin su Ibn Sirin da Ashhab, sun sa sharaɗin a samu buƙata ta gaske kuma kada a mayar da shi al'ada. Daɗin hira ba buƙata ba ce, kuma ku kun riga kun mayar da shi al'ada. A mazhabar Malikiyya ma zancen da ya shahara shi ne zaɓaɓɓen lokacin magariba gajere ne, gwargwadon a yi tsarki a yi sallar, kuma wanda ya kai ta lokacin lalura ba tare da uzuri ba ya yi laifi.

Kuma me zai hana ku? Annabi (SAW) ya ce an sanya masa ƙasa ta zama masallaci da abin tsarki, duk mutumin da salla ta riska daga al'ummarsa sai ya yi salla. In akwai masallaci kusa ku shiga. In babu, ku samu wuri mai tsarki wanda ba ku tare wa kowa hanya ba, ɗaya ya wuce gaba. Minti goma ba za ta ɓata muku yawo ba. Dabara mai sauƙi ita ce ku fito da alwala daga gida.

Sai maganar dare. Abu Barza ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Malamai sun ɗauki wannan a matsayin karhanci, sun kuma cire hirar ilimi da ta baƙo da ta iyali, don shi kansa yakan yi hirar dare da Abubakar a kan al'amuran Musulmi. Babban dalilin ƙin shi ne tsoron kada asuba ta kuɓuce. Nan ne lokacin bazara yake da nasa hatsarin: rana doguwa ce, dare gajere, isha'i tana jinkiri, alfijir yana saurin ketowa, zafin rana kuma yana tura mutane su mayar da fitarsu dare. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya, sa'o'i kaɗan ne tsakaninsa da kiran salla. Ba ka faɗa mini halin asubarka ba, amma kai ka sani. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar ya nemi Sulaiman ɗan Abu Hasma a sallar asuba bai gan shi ba, da ya tambayi mahaifiyarsa Shifa'u ta ce ya kwana yana salla ne barci ya rinjaye shi. Umar ya ce halartar asuba cikin jam'i ya fi soyuwa gare shi a kan tsayuwar dare guda. Wannan fa wanda nafila ta hana ke nan, ina ga wanda hira ta hana? Hukuncin a taƙaice: hirar da ba ta taɓa asubarka ba makaruhiya ce in babu wata maslaha a cikinta, wadda kuwa ka san galibi za ta sa ka barci har rana ta fito haramun ce, domin hanyar da take kaiwa ga barin wajibi tana ɗaukar hukuncinsa.

Wannan ƙa'ida ta toshe kafar ɓarna tana da iyaka, kuma a nan yayanka ya zarce. Imam Ƙarafi ya bayyana cewa akwai hanyoyin da al'umma ta haɗu a kan ba a toshe su, kamar noman inabi don tsoron kada a yi giya da shi, ko maƙwabtakar gidaje don tsoron zina. Ba don wasu suna saɓo a wuraren shaƙatawa ba za a haramta wa kowa zuwa. Abin dubawa shi ne abin da ya fi yawan faruwa a taku fitar, da naku mutanen.

Da wannan ma'auni zan amsa batun 'yan matan. Keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba haramun ce da nassi, a hadisin Ibn Abbas da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Za ka ce ai ba keɓewa ba ce, taro ne. Gaskiya ne, amma taron samari da 'yan mata da aka haɗa don nishaɗi kawai, da dare, ba ya rabuwa da kallo da wasan baki da taɓa juna, ƙarshensa kuma wani ne zai raka wata gida su biyu. Allah bai ce kada ku yi zina kaɗai ba, cewa ya yi "kada ku kusanci zina" (Isra'i: 32), ya kuma umarci muminai maza da mata su runtse ganinsu (Nur: 30-31). Wannan ba kamar haɗuwar aji ko kasuwa ba ce da buƙata ta kawo. Ranar da aka gayyato su, kada ka je. Su ma suna da haƙƙin shan iska, mace da ƙawayenta ko danginta, cikin sutura da izinin gida a wuri mai aminci, ba wanda ya hana su. In wanda yake son wata a cikinsu da gaske yake, ƙofar gidansu a buɗe take.

Ka kuma sa ido a kan abokin da ya kawo wannan sabon abu. Ba na cewa ka yanke shi yau. Ka yi masa magana tsakaninku, da taushi. Amma Annabi (SAW) ya ce mutum yana kan addinin abokinsa, kowa ya duba wanda yake abota da shi, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka gwada su da abu ɗaya: in ka ce a tashi a yi salla, su wa suke tashi, su wa suke yi maka dariya?

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. In kun zauna a bakin hanya, ku ba ta haƙƙinta kamar yadda ya zo a hadisin Abu Sa'id: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Hayaniya a ƙofar gidan mutane suna barci tana cikin cutar, haka gudun ganganci da abin hawa, da ɗaukar hoton wanda bai yarda ba. A wurin ninƙaya ka rufe tsakanin cibiya da gwiwa, ka kuma guji lokacin da maza da mata suke cakuɗe. Wasan da aka ce wanda aka ci shi zai biya wa kowa, caca ce komai ƙanƙantar kuɗin. Teburin da ake zagaya giya a kansa ba a zama, ko da kai ba ka sha.

Yanzu mahaifinka. Ka lura da abin da ya ce: ka rage. Bai ce ka daina ba. Yi wa iyaye biyayya wajibi ne a cikin abin da ba saɓo ba, wanda suke da manufa ingantacciya a kansa kuma ba ya cutar da ɗan, kuma wannan umarni ya cika sharuɗɗan duka. Wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce e, sai ya ce: "To a cikinsu ka yi jihadi." In an mayar da mutum daga wannan saboda iyaye, yawon yamma bai kai a yi jayayya da uba a kansa ba. Shekara 19 ta sa ka zama baligi mai ɗaukar nauyin kansa a gaban Allah, amma ba ta sauke maka haƙƙin wanda yake kwance idonsa biyu yana jiran ƙarar ƙofa ba. Saboda haka fita bayan ya hana laifi ne, satar jiki a fita ko a yi masa ƙaryar inda aka je kuma laifi biyu ne. Ga iyaye masu karanta wannan kuma, kulle saurayi a gida tsawon hutu ba tarbiyya ba ce, ya fi kyau ku san abokansa da fuska da suna, ku yanka masa lokacin dawowa.

Abin da nake ba ka shawara: ka samu mahaifinka a lokacin da yake cikin natsuwa, ka ce masa ka ji maganarsa, ka roƙe shi ya ƙayyade maka ranakun fita da lokacin shigowa, ka faɗa masa su wa kuke tare da inda kuke zuwa. In ya yarda, kuka kiyaye salla a lokacinta, babu cakuɗuwar nan, ka fita hankalinka kwance, babu komai a kanka, in ma ka yi niyyar hutar da rai don ƙarfafuwa a kan alheri ana fatan lada.

Magaribobin da ka jinkirta a baya kuwa, tunda ka sallace su, ba sai ka sake su ba. Tuba ce a kanka game da jinkirin. In akwai asubar da ta wuce ba ka rama ba, ka ƙiyasta adadinsu gwargwadon rinjayen zatonka, ka fara ramawa daga yau.

Wallahu a'alam.