Kesin mai araha ko mai tsada: wanne mai haɗa kwamfuta zai sara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shago a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ina haɗa kwamfutocin tebur ina sayar wa makarantu da masu shagunan buga takardu. Dillalina na Legas yana da kesin (akwatin da ake haɗa kwamfuta a ciki) iri biyu: mai araha da ke zuwa da fawa fak (na'urar da ke ba sassan kwamfuta wuta) a ciki, da mai ɗan tsada wanda yake zuwa fanko. Jarina bai taka kara ya karya ba. Wanne zan sara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa kasuwa albarka.

Kafin ka kalli farashi, ka tuna wanda zai ɗauki asara idan kwamfutar ta mutu bayan wata uku. Mai buga takardu ba zai nemi dillalin Legas ba, ƙofar shagonka zai zo ya tsaya, ga kwastomomi suna kallo. Don haka lissafin ribarka bai kammala ba sai ka sa kuɗin gyaran kayan da za a dawo maka da su.

Ni dai fawa fak ɗin da ake liƙa wa kesin mai araha shi ne abin da ban yarda da shi ba. Za ka ga an rubuta 500W a jikinsa, ka ɗaga ka ji shi sakayau. Irin wannan da wuya ya ba da ƙarfin da aka rubuta, kuma kariyarsa ba ta kirki ba ce. Halin wutarmu kuwa ba sai an faɗa maka ba: a ɗauke, a kawo da ƙarfi, a koma janareta. Ranar da ya ƙone yakan ja madabod (babban allon da ake jona sauran sassan kwamfuta a kai) ko had disk (ma'ajiyar bayanai) su tafi tare. A ce, misali, ribarka a kowace kwamfuta N15,000 ce. Madabod ɗaya da ka biya daga aljihunka zai iya lashe ribar kwamfutoci da dama. Araha ba ta ado. Ka sayi fawa fak daban, na kamfanin da aka sani, mai garanti. Tambarin 80 Plus yana nufin aƙalla kashi 80 na wutar da ya ja tana tafiya ga aiki, sauran ne ke zama zafi. Sai dai ana buga tambarin a kan jabu, saboda haka ka san wajen wa kake saye.

Shi kansa kesin, hannunka zai gaya maka gaskiyarsa. Danna murfin gefe da yatsa. Idan ya lotsa, ƙarfen siriri ne, zai riƙa kaɗawa yana ƙara, zaren kusoshinsa kuma ya cinye da wuri. Shafa bakin ƙarfen a hankali, kada ya zama mai yankan hannu da waya.

Sai iska. A bazara zafin Kano yakan haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ta shiga ko'ina. Nemi mai raga a gaba, da gurbin fanka mai milimita 120 gaba da baya, da matacin ƙura da ake cirewa a kakkaɓe. Kesin da aka toshe gabansa da roba don kwalliya dafa kwamfuta yake yi. Mai gilashi da fitilu masu launi kuwa, ka bar shi sai matasa masu wasan gem ko masu editin finafinai sun yi oda sun ba da kafin alƙalami, domin gilashi bai cika son hanyar Legas zuwa Kano ba.

Ka kula da girma. Madabod samfurin ATX milimita 305 ne da 244, microATX kuma 244 da 244. Ƙaramin yana zama a babban kesin, babban ba ya shiga ƙarami. Da yawa daga madabod ɗin Dell da HP na tokumbo kuma ƙirarsu daban ce, ba sa dacewa da kesin kasuwa. Kwastomominka na ofis da makaranta microATX ya ishe su, sai ka tabbatar akwai ramin USB 3.0, mai shuɗin nan, a gaba, tunda filash ake ta sakawa ana cirewa.

Kada ka binne jarinka a wannan kaya. Kesin yana cin wuri a shago da mota, ribarsa kaɗan ce, kuma ba ya saurin fita. Karɓi biyu ko uku na matsakaicin kuɗi, marasa fawa fak, ka haɗa ɗaya ka bar ta a kunne yini guda ka ji zafinta, sannan ka yi babban sari. Ku kuma yi magana da dillalin tun yanzu, a rubuce, kan wanda zai ɗauki nauyin duk kesin da ya iso a lotse.