Likita Na Amsa: Jaririn Da Numfashinsa Ke Raguwa In Ya Yi Barci

Tambaya: 'Yata mai kwana goma takan yi numfashi da sauri, ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba. (Wata uwa, Mabera)

Amsa: Haka jarirai suke, muddin tsayawar ba ta wuce daƙiƙa 10 ba. In ta kai 20, ko leɓɓanta suka sauya launi, maza asibiti.

Tambaya: Za mu iya kwana da garwashi a ɗakin mai jego saboda sanyi? (Wani magidanci, Arkilla)

Amsa: A'a, Malam. Iskar gawayi tana kashe mutum cikin barci. A ƙara bargo.

Tambaya: Ɗana wata biyu. In yana farke lafiya lau yake, amma da ya yi barci sai numfashi ya yi ƙasa, leɓɓa su yi baƙi, ko kuka ba ya yi. Kakarsa ta ce mutanen ɓoye ne, ana yi masa turare. (Wata uwa, Runjin Sambo)

Amsa: Malama, don Allah a kashe turaren nan yau. Yaron da numfashi bai ishe shi ba, ta yaya za a lulluɓe shi da zane a kan kasko? Wannan abu yana ci mini rai.

Ga ciwon da nake zargi: ki riƙe numfashinki ki gani. Abin da ke tilasta ki saki shi ne taruwar kabon dayoksaid, iskar da jiki ke fitarwa. Can ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, akwai ƙwayoyin da ke auna ta a jini, su ba huhu umarnin ƙara aiki. Akwai yaran da ake haifa wannan ma'auni ba ya aiki, saboda tangarɗa a ƙwayar gado mai suna PHOX2B, wadda aka gano alaƙarta da ciwon a 2003. Iskar tana taruwa, yaron bai ji komai ba, shi ya sa shirunsa ya fi kuka tayar mini da hankali.

Ciwon ba shi da yawa, kuma ciwon zuciya ko na huhu kan zo da kama da haka, don haka sai an auna shi yana barci. In shi ne, oksijin kaɗai ba ta wadatarwa: leɓɓa za su washe, waccan iskar na nan tana taruwa. Na'urar da ke hura masa numfashi lokacin barci yake buƙata.

Kada a ba shi maganin tari mai sa barci. Ki gaya wa Inna da ladabi, addu'a a ci gaba, amma yau ɗin nan a kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kada a jira gobe.