Ganyen fayin na zubewa ga hunturu ya ƙarato: me ya kamata a yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da bishiyoyin fayin (pine a Turance) uku a lambun gidana, biyu manya, ɗaya kuma bara na dasa ta. Tun shigowar kaka ganyensu na ciki ya koma ruwan ɗorawa yana ta zuba. Ga shi inda nake ƙasa kan daskare da hunturu, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Cuta ce ta kama su? Wane shiri zan yi musu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, ki je ki duba rassan. In ganyen da ke can ciki kusa da jikin bishiyar ne ya canza, na bakin reshe kuwa yana nan shar, lafiyarta ƙalau. Ganyen fayin, wannan siriri mai kama da allura, kan yi shekara 2 zuwa 5 gwargwadon iri, sannan tsohon ya zube da kaka. Abin damuwa shi ne ki ga bakin reshe ya fara bushewa, ko bishiyar duka ta koma ja cikin 'yan makonni. Wannan kam sai masani ya zo ya gani da idonsa.

Babban shirin da nake so ki riƙe shi ne ruwa. Fayin ba ta tuɓe ganyenta duka kamar wasu itatuwa, don haka ko a tsakiyar sanyi iska da rana suna zuƙe mata danshi. Ƙasa kuwa da zarar ta daskare, saiwa ba ta iya jawo ko ɗigo. Shi ya sa ake ganin bishiya ta ƙone ta gefen da iska ke bugawa, a ɗora wa sanyi laifi, alhali ƙishirwa ce. Ki sa tiyo ya riƙa zuba a hankali a ƙarƙashin iyakar rassa, sau ɗaya a mako in ba a yi ruwan sama ba, har danshi ya nutse kamar santimita 30. Kada ki daina sai ƙasa ta daskare. Ƙaramar ta fi bukata, domin saiwarta ba ta yi nisa ba tukuna.

Ganyen da ya zube kada ki zubar, muddin bishiyar lafiyayya ce. Ki shimfiɗa shi a gindi, kaurin santimita 5 zuwa 10, amma ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin bishiyar. In ya manne mata, ɓawo kan ruɓe, ɓeraye kuma su samu maɓoya su yi ta gaigayarsa. Ragar waya a kewayen ƙaramar za ta tsare ta daga zomaye.

Taki da datse rassa, ki ɗaga musu ƙafa. Taki mai naitirojin a wannan lokaci sabon toho yake fitarwa, sanyi ya kashe shi. Busasshen reshe ko karyayye kaɗai za ki cire, don fayin ba ta sake toho daga tsohon itacen da aka datse.

Ki kafa wa ƙaramar turaku ta ɓangaren iska, ki ɗaura buhun algarara ya zama shinge. Leda kam a'a, tana tara zafi da danshi. In bishiyar na bakin titi, shingen zai rage mata feshin gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara. Dusar ƙanƙara in ta danne rassa, ki sa tsintsiya ta ƙasa ki ɗaga a hankali ta zube. In kuwa ta riga ta sandare a jikin reshe, ki bar ta ta narke da kanta, bugu ɗaya zai karya shi.