In yi wa motar fentin dubu 160, ko in sayar da ita yadda take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ƙaramin dillalin motoci ne a Kano, ina sayen na hannu ɗaya bayan ɗaya, in gyara in sayar. Yanzu akwai Corolla ƙirar 2005, silba, da na saya naira miliyan 4 da dubu 200. Inji da giya lafiya lau. Sai dai rana ta cinye fentin rufi da bonet, ƙofar baya ta dama ta ɗan lotsa, sannan akwai tsatsa a saman tayar baya. Wani mai fenti ya ce zai fesa mata gaba ɗaya a kan dubu 160 cikin kwana 3. Masu fentin oven kuma sun ce dubu 520, mako 2. Abokan sana'a suna cewa in yi na arahar, ai mai saye ƙyalli yake bi. Jarina ba shi da yawa. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa nema albarka. Shawarata a taƙaice: kada ka bari a fesa wa motar nan fenti gaba ɗaya, ko na dubu 160 ko na dubu 520. Bari in faɗa maka dalili.

A bayanin da ka yi, wuri 4 ne kawai ke da matsala: rufi, bonet, ƙofa ɗaya da saman taya. Ragowar jikin motar yana nan da fentin kamfani, abin da ku dillalai kuke kira fas bodi. Ka fi ni sanin cewa kalmar nan kuɗi ce a bakinku. Mai saye na isowa, kafin ya ce a tayar da inji, tambayar farko ita ce: "Fas bodi ce?" Kuma yana da hujja. A kamfani ana gasa fentin ne a zafin da ya kai digiri 140 ko fiye, tun gangar jikin tana tsirara, ba a sa gilashi ko roba ko wayoyi ba. Babu garejin da zai iya maimaita wannan a motar da aka riga aka haɗa. Ɗakin oven ɗin da ake faɗa, zafinsa wajen digiri 60 ne, don in ya wuce kima sai robobi da wayoyi su ji jiki. Kenan kana shirin biyan kuɗi a rufe maka abin da ya fi komai daraja a jikin motar.

Mu zo kan dubu 160 ɗin. Mai fentin nan ba lallai macuci ne ba, kuɗin ne ba za su isa aikin ba. A aikin fenti, feshin shi ne mai sauƙi. Wahalar tana ƙasa: a kwance fitilu, hannun ƙofa da robobi, a goge tsohon fenti da samfefa, fanel bita ya buga lotsawar ta dawo daidai, a shafa foti (abin cike rami) kaɗan, a sa faraima (shafin farko kafin launi), a bari ta bushe, a sake gogewa, sannan launi, sannan kiliya, wato shafin ƙarshe mai ƙyalli, wadda ake zuba wa hadina don ta yi tauri. Wanda zai gama wannan duka a kwana 3 dole ya tsallake wani abu. Maimakon ya buga ƙofar, zai cika ramin da foti. Maimakon ya kwance roba, zai liƙa jarida da salatif. Zai tsinka fentin da tina don ya kai, kiliyar kuma ta mafi araha zai sayo. Tsatsar kuwa zai shafe ta ne kawai, ita kuma tsatsa ba ta mutuwa don an rufe ta, ci gaba take da cin ƙarfe daga ciki, damina ɗaya ka ga fentin ya yi ƙuraje. In kuma a fili aka yi feshin lokacin hunturu, duk ƙurar da iska ta kwaso tana nan manne a jiki, ka shafa hannu ka ji kamar yashi. Rana irin ta Kano a watan Afrilu ba ta raga wa kiliya mara kyau, kuma rufi da bonet ɗin nan dai su za su fara sauya kama. Araha ba ta ado, haka magabata suka ce.

Abokanka sun ce mai saye ƙyalli yake bi. Wane mai sayen? Wanda zai ƙirga miliyan 4 da ɗoriya a yau ba ya zuwa shi kaɗai, da bakanikensa yake tafe. Bakaniken zai buɗe ƙofa ya duba bakinta ta ciki, ya ɗaga robar gilashi ya ga inda sabon fenti ya tsaya, ya duba ko feshi ya taɓa fitila ko lambar mota. Wani zai fito da ɗan maganaɗisu ya bi jiki da shi, inda foti ya yi kauri ba zai kama ba. Wasu ma yanzu suna yawo da ƙaramar na'urar auna kaurin fenti. Da zarar sun ga sabon fenti a motar 2005, ba rana za su zarga ba, haɗari za su zarga. Kai ka san lotsawar ƙofa ce kawai, amma da me za ka shaida, tunda ka binne shaidar? Daga nan tayi zai faɗi. A ce sun zabge dubu 300 saboda wannan zargi: ka haɗa da dubu 160 da ka kashe, dubu 460 sun tafi, ka sayo wa motarka baƙin suna da kuɗinka.

In kuma ka yi sa'ar wanda bai san mota ba ya saya, wannan ya fi damuna. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne: Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Tsatsar da aka lulluɓe da foti, jiƙaƙƙen hatsi ne a ƙasan tsibi. Malaman fiƙihu sun ba mai saye damar maido da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Kai kuma ƙaramin dillali ba ka da fili mai allo da tutoci, cinikinka na "wane ne ya turo ni" ne. Mutum ɗaya ya zauna a majalisa ya ce motar da ka sayar masa ta yi ƙuraje bayan wata 5, ka rasa duk mutanen majalisar.

Fentin dubu 520 kuma ya wuce kashi 12 cikin 100 na kuɗin motar, ga jarinka kwance mako 2. Aiki ne mai kyau ga wanda zai hau motarsa shekaru. Ga mai sayarwa, da wuya kasuwa ta maido maka da su, don komai kyansa sunansa dai "an yi mata fenti".

Ga abin da zan yi da ni ne. Kafin kowa ya taɓa motar, ka ɗauke ta hoto da bidiyo da rana tsaka, kowane gefe, har tsatsar. Sai ka koma wurin masu oven ɗin ka ce ba gaba ɗaya kake so ba, su yi maka kuɗin wuri-wuri: rufi nawa, bonet nawa, ƙofa nawa. Saman tayar a kai wa mai walda ya yanke inda ya ruɓe ya sa sabon ƙarfe, a shafa maganin tsatsa ta ciki kafin a zo maganar launi. Ragowar jikin a wanke shi a yi masa bofin, wato gogewa da inji don ƙyallinsa ya dawo, za ka yi mamakin yadda tsohon fentin Toyota ke farfaɗowa. Ko da wannan duka ya ci rabin dubu 520 ɗin, wato 260, ka fi wanda ya kashe 160 tsira da kuɗi.

Ka kula da launi, don silba yana da wuyar dacewa. Kada ka yarda da haɗin ido. A Toyota lambar launi tana kan takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, gaban haruffan C/TR. A haɗa da ita, a fesa a ɗan guntun ƙarfe, a kara da jikin motar a hasken rana, domin fentin da ya sha rana shekara da shekaru ya ɗan kauce wa lambarsa. Mai fenti gwani zai ɗan shigar da feshin cikin gefen da ke maƙwabtaka don kada ƙofar ta fita daban. Maganar sauya launi gaba ɗaya kuwa ka cire ta a ranka, launin yana rubuce a takardun mota, in sun saɓa mai saye ne zai riƙa shan tambaya a shingen hanya.

Kada ka biya kuɗin aikin a dunƙule. Ka ba da na kaya, ka je da kanka ranar da aka gama gogewa kafin a sa faraima, ka ga yawan fotin da idonka, ragowar sai aiki ya fito. In ka je ka tarar da yara suna feshi ba abin rufe hanci na kirki, ka yi magana. Hadinar da ake zubawa a kiliya tana lalata huhu, tana jawo asma, ƙyallen da suke ɗaurawa ba ya tare ta.

Ban ce fentin araha ba shi da wuri sam ba. Golf ko Sharon da za ta shiga layin haya, mai saye ya san abin da yake saye, inji da ƙafa yake dubawa, fentin don kada ƙarfe ya zauna a buɗe ne. Can dubu 160 na iya yin daidai, muddin an kashe tsatsa tukuna. Corollarka mai iyali ne ko ma'aikaci zai saya.

Ranar ciniki, kafin bakanikensa ya fara lalube, kai ka riga shi. Ka buɗe wayarka ka nuna hotunan, ka ce: "Ga yadda na same ta, wuri 4 na taɓa, ga su, saura duk na kamfani ne." Ka sa farashinka a kan haka. In kuɗin wuri-wurin da suka yanka maka ya haura dubu 300, to ka tsaya a walda da bofin, ka rage wa mai saye wani abu ya je ya yi rufi da bonet inda ransa ya kwanta.