Tambaya da Amsa: Cajar waya ce ke kashe min batir ɗin babur?

Tambaya: Salam Malam, ina da babur mai otomatik irin wanda ba a sa masa giya, na sa an haɗa min cajar waya ta USB, to tun lokacin kullum da safe in na danna sitata sai dai in ji ƙas ƙas, wani lokacin ma shiru. Na gwada turawa kuma ya ƙi tashi. Daga wani ɗan'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Turawar nan dai ka daina, mai otomatik da bel yake aiki kuma kulocinsa ba ya kamawa sai injin ya ɗau gudu, ko unguwa guda ka tura ba zai tashi ba, kik ɗin ƙafa ne mafita.

Ni zargina yana kan yadda aka haɗa cajar. Da yawan masu rewaya kai tsaye suke ɗaura ta a kan batir don ya fi sauƙi, ita kuwa ko ba waya a jikinta tana ɗan jan wuta dare da rana, balle mai ƙaramar fitilar nan shuɗiya, batir ɗin babur kuma ɗan ƙarami ne ba kamar na mota ba. Da daddare bayan ka zare makulli ka leƙa, in fitilar tana ci to ga ɓarawon nan. A mayar da ita kan wayar da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, a sa mata nata fiyus.

Amma kar ka tsaya nan, ka samu mitar auna wuta ka auna batir ɗin. Batir mai lafiya babur a kashe zai ba ka wajen volt 12.6, in ya sauka ƙasa da 12 ya yi sanyi sosai. Ka tayar ka ɗan ja mai, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai motsa ba to ba ya caji, a duba rektifaya (mai daidaita wutar caji) da kwayil (mai samar da wutar), in kuma ya haura 15 rektifayar ce ta lalace, ita ke ƙona ƙwan fitila tana kumbura batir.

Ranar da ka ji shiru gaba ɗaya kuwa, matse birki ka waiga ka ga ko danja ta kama. Yawancin irin baburan nan sitata ba ta juyawa sai an matse birki, ɗan makunnin da ke jikin hannun birkin yakan ci ƙura ya daina aiki, sai ka gwada ɗaya hannun. Duba kan batir ma, in ya yi farin gari ko ya saki a kankare a ɗaure.

Kuma don Allah in fiyus ya ƙone kar ka yarda a naɗa maka waya ko takardar sigari a gurbinsa, a sa mai lamba ɗaya da na da, in ya sake ƙonewa akwai wayar da ta goge tana taɓa bodi, ita za a nema.